Inda Maganin Tani Ya Tafi

Na'urar da aka kawo asibitinmu a Isa ba ta fi ƙaramar rediyo girma ba. Ni aka damƙa wa ita, wai don ni ce ma'aikaciyar da ba ta yawan neman izinin zuwa biki. Sunana Ni'imatullahi, amma a wurin aiki ba mai wahalar da bakinsa, Malama Ni'ima ake ce mini.

Aikin na'urar guda ɗaya ne. Wanda ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa, ana ɗora shi kan maganin tsinka jini, don kada jinin ya sake daskarewa ya toshe masa jijiya a ka. Sai in ɗebi jininsa kaɗan a 'yar kwalba, in cusa a bakin na'urar, in jira minti biyar, ta turo 'yar takarda mai lamba. Idan lambar ta yi ƙasa, magani yana aiki. Idan ta haura ɗari biyu, jinin yana nan yadda Allah Ya yi shi, kamar bai taɓa gamuwa da ƙwaya ba. Wata ƙungiya ce ta kawo ta don gwaji, haɗe da magani kyauta, bisa sharaɗin duk wata in aika wa likita a Sakkwato da sakamako.

Tani ta zo mana daga Kamarawa da takardar sallama daga babban asibiti. Za ta yi shekara hamsin da 'yan kai, siririya, mai fararen haƙora tas. Ciwon ya same ta da sauƙi. Tana tafiya da ƙafarta, sai dai tana jan ta hagu, hannun hagun kuma ba ya riƙe abu. Mijinta Alhaji Kalilu ne ya kawo ta a babur, ya ɗaure ta da rawani a bayansa kada ta zame. Manomi ne mai rumbuna, ƙato, wanda idan ya zauna kan bencinmu sai bencin ya yi ƙara.

Na tambaye ta abin da ya fi damun ta. Na ɗauka za ta ce ƙafa.

"Ni dai ɗiyata, in iya ɗaura zanena da kaina," in ji ta. "Tun ina 'yar shekara bakwai ba wanda yat taɓa ɗaura mani zane sai bana."

Na ce in Allah Ya so za ta ɗaura, muddin ba a fasa shan magani ba ko na kwana ɗaya. Na miƙa mata kwalin. Hannun Alhaji ne ya riga nata isowa. Ban ga laifin haka ba. A wajenmu maigida ke riƙe makullin rumbu da katin asibiti da duk wata ƙwaya da ta shigo gida, ko ta ciwon kai ce. Haka na tashi na ga mahaifina yana yi.

Sai ya shiga yi mini tambayoyi. Kafin a ci abinci ake sha ko bayan an ci? Idan an manta da safe, a sha da rana? Yana jituwa da shayi? Yana jituwa da goro? Na amsa masa dalla-dalla, har da murmushi. Da suka tafi na ce wa abokan aikina su zo su ga miji, ba irin masu ajiye mace a ƙofar asibiti su wuce majalisa ba. Ni da bakina na yabe shi, kuma ban manta ba.

Bayan mako uku suka dawo gwajin farko. Na'ura ta turo ɗari biyu da sittin da takwas. Na duba kwalbar, na duba na'urar, na duba Tani.

"Inna, kina shan maganin ga kullum?"

"Ni ka ba ta da hannuna," Alhaji ya amsa. "Kullum bayan an hito sallar asuba. Ko ba hakanan ba, Tani?"

Ta gyaɗa kai tana kallon tabon da allurata ta bari.

Na buga wa likita waya. Ya ce ba abin mamaki ba ne, akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar wannan magani, kuma don gano irinsu ne ma aka kawo na'urar. Ya ce a ninka mata, ƙwaya biyu maimakon ɗaya. Na ji daɗi ƙwarai. Na ga kaina a matsayin wadda ta ceto rai da ilimin zamani. Na ninka, na miƙa, Alhaji ya karɓa ya zura a aljihun gaba, ya danna da tafin hannu.

A zuwa na gaba rawanin bai ishe ta ba, sai da yayar Alhaji, wata dattijuwa mai suna Inno, ta hau bayanta ta tallafe ta. Inno gidan take zaune tun da mijinta ya rasu. Ita ta gaya mini cewa sau biyu Tani tana cikin magana harshenta ya harɗe, ta kira turmi da sunan tsintsiya, bayan ɗan lokaci kuma ya sake ta. Hannun hagun da ya fara motsa yatsu ya koma ya kwanta. Na gaya wa Alhaji wannan gargaɗi ne, babban na iya biyo baya.

"Ikon Allah na," ya ce. "Mu namu ƙoƙari na, kuma muna yi."

Lamba ta fito ɗari biyu da saba'in da ɗaya.

Ranar na ga wani shaci baƙi-baƙi a damtsen Alhaji, faɗin tafin hannu. Ya ce ƙyauren rumbu ne ya buge shi, bugun ma ba wani mai ƙarfi ba. Da ya yi dariya na ga ja a dasashinsa, na ce a raina goro ne. Shekara goma sha ɗaya ina aikin jinya, an koya mini alamomin wanda jininsa ya tsinke fiye da kima, na rubuta su a jarrabawa na ci. Amma ni a jikin Tani nake neman su, shi ko kallo na biyu ban yi masa ba.

Inno ta fita neman ruwa, Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa yana waya. Tani ta kamo hannuna da hannunta mai lafiya, ta matse.

"Malama," ta ce. "Ƙwayar nan…"

Alhaji ya yi gyaran murya. Bai ko juyo ba. Ta saki hannuna ta gyara mayafinta.

"Mi as same ta, Inna?"

"Ba komi. Tana da daɗin haɗiya."

Likita ya ce tunda ninkin bai yi ba, a sauya mata wani mai ƙarfi, wanda da wuya a sami jikin da zai ƙi shi. Aka aiko da shi daga Sakkwato a motar kasuwa. Na ja wa Alhaji kunne cewa wannan ba na wasa ba ne, kada a bar ta kusa da wuƙa, kada a yi mata tsaga, kada a cire mata haƙori. Ya ce ai Tani ko albasa ba ta yankawa yanzu. Ya sake tambaya ko shi ma wannan yana jituwa da goro.

Ana cikin bazara, ana jiran ruwan shuka. A irin wannan lokaci manoman wajenmu ke zuwa wurin wanzami a yi musu ƙaho, a cire mataccen jini, jiki ya saki kafin a kama fartanya. Alhaji Kalilu bai taɓa fashin ƙahon bazara ba tun yana saurayi. Ranar kasuwar Bafarawa ya tuɓe riga a rumfar Jibrilla wanzami, aka kafa masa ƙaho shida a gadon baya, aka tsattsaga da aska, aka mayar aka zuƙa.

Da azahar aka shigo mana da shi. Wannan karon shi aka ɗaure da rawani a bayan mai babur, Jibrilla na biye a wani da zabirarsa a wuya. Farar rigar Alhaji ta manne da bayansa, ta rine har gindin wando. Jinin ba tsartuwa yake ba, tsattsafowa yake a hankali daga tsaga talatin da wani abu, kuma ba ya da niyyar tsayawa.

"Malama, shekara arba'in ina ƙaho," in ji Jibrilla. "Na sa toka, na sa garin magani, na danne da tsumma. Ban taɓa ganin jini awa wanga ba. Awa ruwan rijiya. Wallahi askata ba ta wuce inda taka tsayawa kullum ba."

Muka kifa shi kan gado, muka danne da auduga da bandeji, muka sa masa ƙarin ruwa. Ina danna bayansa da hannu biyu, sai idona ya sauka kan damtsensa. Shacin nan na rumbu ya samu 'yan'uwa, har huɗu. Sai na tuna goro. Tani ba ta cin goro, duk wanda ya ga haƙoranta ya san haka.

Na bar wa abokiyar aikina dannar, na ɗauko allura da 'yar kwalba.

"Mi za ki yi da shi?" Alhaji ya tambaya, fuskarsa a cikin matashi.

"Za ni tambayar na'ura wata magana."

Minti biyar ɗin nan na tsaya a kanta ban zauna ba. Ta turo takarda. Talatin da tara. Tun da aka kawo na'urar ban taɓa ganin ta yaba jinin kowa haka ba. Magani ya shiga, ya zauna, ya yi aiki har ya wuce inda aka aike shi. Abin da ya rage kawai, ba a jikin mai shi ba ne.

Sai da la'asar jinin ya tsaya. Kafin nan Inno ta iso. Na sa aka fitar da kowa sai su biyu, na ajiye takardar a gaban Alhaji.

"Alhaji, wanga maganin Tani na cikin jininka."

Ya ɗauki takardar ya juya ta, ya tambaya ko lambar mai kyau ce. Na ce da a jikin Tani ta fito, da yau na yi rawa. Sai ya yi mini bayani a natse, irin yadda ake yi wa yaro bayanin abin da bai kai ga ganewa ba.

"Malama, ki saurara. Babanmu cikin gona yah hwaɗi, ɓari guda ya mutu. Yayana Halliru bara waccan, hakanan. Ciwon ga na gidanmu na, ni yaka nema, kuskure yay yi yas samu Tani. To ku da bakinku kunka ce maganin ga hana shi zuwa yaka yi. Ita ya riga ya zo mata. Rigakahi ai wanda bai kamu ba aka yi ma."

"Na biyun muka tsare mata, Alhaji. Na biyun shi ka kisa."

"Kuma ba hakanan nib bar ta ba. Kullum ina ba ta jar ƙwaya ta ƙarin jini, daga kemis. Ba ta taɓa hwashi ba."

"Don mi ba ka ce muna kana tsoro ba? Da mun auna ka."

"Da kun ba ni?"

"In ba ka buƙata, a'a."

"To kin gani," in ji shi.

Na juya wajen Inno, ina sa ran ko ita za ta ji kunya. Ashe da saninta.

"Ɗiyata, kada ki ɗauki abin da zahi," ta ce. "Baki ashirin da ɗaya ka ci daga hannun mutumen ga. In ya hwaɗi, wa za shi shiga gona? Ni? Tani dai tana zamne, ana ba ta abinci, ana yi mata wanka, ba a rage ta da komi ba. Kuma kwana in ya ƙare, ƙwaya ba ta ƙara shi."

Na ce idan haka ne, me ya sa shi yake sha. Ta ce ai shi namiji ne, yana da nauyi a kansa.

Raina ya ɓaci, amma ban yi ihu ba, asibiti ne. Alhaji ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun wando. Ban hana shi ba. A lokacin na ɗauka kunya ce ta sa yake son ɓoye ta.

Washegari da hantsi, da aka ce hanya lafiya, na hau babur zuwa Kamarawa da sabon kwali a jakata. Na sami Tani a inuwar ɗakinta kan tabarma, an jingina ta da bango. An ɗaura mata zanen a karkace, kullin yana ta hagu inda ba za ta iya gyarawa ba. Na durƙusa na gaishe ta, na kwance na ɗaura mata daidai. Maganarta ta yi nauyi, sai na matsa kusa.

"Inna, kin san ba maganinki aka ba ki ba?"

"Tun ranar hwarko. Wadda kib ba da ba ja ta ba."

"Kuma kika yi shiru? Sau nawa ina tambayar ki?"

"In kunyata shi gabanki? Ke da kika sa'ar ɗiyatai?" Ta numfasa. "Shekara talatin da bakwai ban taɓa ƙaryata shi gaban mutane ba. Ban san yadda aka yi ba."

Ta ɗaga hannunta na dama ta dube shi.

"Shi ba ya iya haɗiyar ƙwaya sai da ruwa mai yawa," ta ce. "Ni ka zuba mashi. Da wanga."

Na ɓare ƙwaya ɗaya na sa mata a baki, na riƙe mata moɗa. Wata na huɗu ke nan da aka rubuta mata magani, ranar ta fara sha. Kwalin kuma na zura shi cikin matashinta. Na gaya wa Inno, da ƙarfi yadda za a ji daga turakar maigida, cewa duk mako zan gwada jinin Tani, kuma na'ura ba ta san girman kowa ba.

Kwana tara ta sha. A na goma, da safe, tana zaune ana ba ta kunu, moɗar ta faɗi, ita ma ta bi ta. Ba ta sake magana ba. Ta yi kwana shida a haka, idonta a buɗe yana bin duk wanda ya shigo, sannan Allah Ya karɓi abinSa.

Na tambayi likita ko da ta sha tun farko da ta tsira. Ya ce ba wanda zai iya rantsuwa a kan haka, wasu na sha kuma ya dawo musu. Gaskiya ya faɗa. Amma ni na san an hana ta damarta, an hana ta a cikin gidanta, da safe, kullum, kuma ni ce nake ninka wa mai hanawar rabonsa ina yi masa murmushi. Wannan ba zai bar ni ba.

Na je gaisuwa ranar uku. Tsakar gida cike da mata, kowa na faɗin alherin mamaciya, amma rabin yabon na Alhaji ne. Wai ba a taɓa ganin namiji mai jinya irinsa ba. Duk wata sai ya goya ta har Isa, da rana da ƙura, da hanyar nan da ba kullum take da lafiya ba, bai taɓa fashin ranar asibiti ba ko sau ɗaya. Wannan ma gaskiya ne, bai taɓa ba. Ranar ce ake ba da magani. Inno na gefe tana jan carbi tana cewa, "Ya yi ƙoƙari, wallahi ya yi ƙoƙari." Na buɗe baki, na dubi 'ya'yan Tani mata uku da idanunsu suka kumbura, na rufe. Ni ma ashe ban san yadda ake yi ba.

Da wata ya zagayo, ranar da aka saba, sai ga Alhaji Kalilu a kan bencinmu. Bayansa ya warke, ya yi shuka, gero har ya fito. Ya miƙo mini katin Tani da hannu biyu.

"Na wanga wata," ya ce. "Tunda an riga an aiko da sunanta, kada shi lalace."

Na karɓi katin na sa a aljihun tebur. Na ce ya miƙo hannu, na auna hawan jininsa, na auna sukari. Komai nasa daidai, kamar na ɗan shekara talatin. Na gaya masa. Bai ji daɗi ba. Ya ce injinan nan ba kullum suke faɗin gaskiya ba, ya tashi ya kaɗe riga ya tafi.

A takardar da nake aika wa likita akwai gida biyu gaban sunan kowane majinyaci, ɗaya na wanda jikinsa ya karɓi magani, ɗaya na wanda jikinsa ya ƙi. Wata da watanni ina sa wa Tani alama a gida na biyu. Na soke su duka, na rubuta da biro a gefe: ba a ba ta ba. Bayan kwana biyu likita ya bugo, ya yi mini ta'aziyya, ya ce sai dai takardar ba ta da gidan wannan, don haka za a cire sunanta daga gwajin gaba ɗaya. Aka cire.

Jibrilla wanzami ne ya ba ni labarin sauran, da ya kawo matarsa awo. Ya ce 'yar takardar nan da Alhaji ya ninke ya sa a aljihu, ya kai an lulluɓe masa ita da roba kada ruwa ya taɓa ta. Duk ranar kasuwar Bafarawa sai ya fito da ita a majalisa, ya nuna wa mutane talatin da tara, ya ce injin asibiti ne ya auna, kuma Malama da bakinta ta ce ba ta taɓa ganin jini mai gudu irin nasa ba. Mutane su karɓa su duba, su ce masha Allah, su miƙa wa na gaba.

Takardun gwajin Tani suna nan cikin aljihun teburina, a ƙarƙashin katinta. Har yau ba wanda ya zo ya ce a nuna masa.